HORON MASU BA DA SHAWARA A MAKARANTU: HANYAR KARATUN DA DARUSSANSA

Gabatarwa

Orozo gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, yana kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta bi ta Karu da Jikwoyi da Kurudu ta nufi Karshi. Yana ɗaya daga cikin mazaɓu 12 na ƙaramar hukumar. A da ƙauyen manoma ne. Amma tun da aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, aka kuma ɗauke mazaunin Gwamnati daga Ikko zuwa Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, jama'a suke ta tarewa a wannan yanki daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Da yawa daga cikinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda kuɗin hayar gida a cikin birni ya fi ƙarfinsu. Sukan fita tun da asuba, ba su dawowa sai bayan almuru.

A Orozo ne kuma Gwamnatin Tarayya take da kwalejin koyon fasaha, wadda aka daɗe da sani da suna Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Bayan ita akwai makarantun firamare da na sakandare, na gwamnati da na kuɗi. Yaran da ke cikin waɗannan makarantu sun taso nesa da kaka da kawu da gwaggo, waɗanda a can gida su ne yaro kan kai wa kukansa. Uba yana wurin aiki, uwa tana wurin nema. In yaro ya rasa abin da zai karanta, ko karatu ya gagare shi, ko wani abu ya dame shi a zuci, wa zai tunkara?

Amsar da Gwamnati ta bayar tun shekarar 1977 ita ce a sa wa makarantu jami'in jagoranci da ba da shawara. Abin da wannan ɗan littafi zai bayyana shi ne yadda ake horar da wannan jami'i, da matakan karatun da yake bi bayan digiri na farko, da darussan da ake koya masa, domin masu sha'awar aikin su san hanya, iyaye kuma su san wanda suke damƙa wa amanar 'ya'yansu.

Wane Ne Mai Ba Da Shawara?

Kowane mutum yana ba da shawara, kuma al'ummar Hausawa ba ta taɓa rasa masu nasiha ba. Liman yana yi, mai unguwa yana yi, dattawan gida suna yi, aikinsu kuwa yana nan da darajarsa. Amma mai ba da shawara da ake nufi a nan ma'aikaci ne wanda ya yi karatu na musamman a jami'a, aka jarraba shi, aka sa masa ido yana aiki, kafin a sallame shi. Aikinsa a makaranta kashi uku ne:

1. Shawara kan karatu: taimakon ɗalibi ya gane dalilin faɗuwarsa, ya tsara lokacinsa, ya zaɓi darussan da suka dace da shi.

2. Shawara kan sana'a: sanar da ɗalibi irin ayyukan da ke akwai, da abin da kowane aiki yake bukata, da hanyar shigarsa.

3. Shawara kan zaman duniya: sauraron ɗalibi game da damuwar gida, da mugayen abokai, da cin zali, da shaye-shaye, da baƙin cikin rashi.

Ya kamata a bambanta shi da waɗansu ma'aikata. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ya gama makarantar likitanci, shi ke da ikon rubuta magani, mai ba da shawara ba shi da wannan iko. Malamin horo kuwa, wanda ke hukunta masu laifi a makaranta, aikinsa dabam ne. Ba daidai ba ne a haɗa bulala da ofishin shawara a hannun mutum guda, gama yaro ba ya buɗe cikinsa ga wanda zai doke shi gobe.

Kuskure a wannan aiki yana da tsada. Alal misali, duk mai son karatun likita sai ya rubuta Ingilishi da fiziks da kemistiri da bayoloji a jarrabawar shiga jami'a ta Hukumar JAMB. Yarinyar da aka bari ta ajiye fiziks a farkon babbar sakandare, don kawai ƙawayenta sun ajiye, ba za ta gane abin da ta yi ba sai bayan shekara uku, sa'ad da ƙofa ta riga ta rufe. Zama na rabin sa'a da ƙwararre a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ya isa ya hana wannan hasara.

Taƙaitaccen Tarihi

A matsayin sana'a, wannan aiki ya faro ne a Amurka. A shekarar 1908 wani mutum mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin shawarar sana'a a birnin Boston. Ra'ayinsa shi ne zaɓen sana'a yana tsaye a kan abu uku: mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ke akwai, sa'an nan ya yi tunani mai kyau wajen haɗa biyun. Har yanzu da wannan ake fara koya wa ɗalibai shawarar sana'a.

A Nijeriya kuwa, ana lissafin farkonsa daga shekarar 1959. A wannan shekara ne malamai mata 'yan mishan na Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni dabam-dabam domin su yi wa ɗalibansu masu fita bayanin ayyuka. Abin ya yi amfani, waɗansu makarantu suka kwaikwaya, har aka kafa majalisar shawarar sana'o'i ta Ibadan, wadda daga baya ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A shekarar 1976 aka kafa Ƙungiyar Masu Ba da Shawara ta Nijeriya, wadda yau ake kira CASSON, Farfesa Olu Makinde ne shugabanta na farko. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashe na musamman domin wannan fanni.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta lura cewa yara da yawa ba su san hanyoyin sana'a ba, waɗansu kuma suna fama da matsalolin hali, saboda haka ta ce a naɗa masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare, a kuma horar da malamai masu sha'awar aikin tun da ƙwararru sun yi ƙaranci. Da aka soma tsarin karatu na 6-3-3-4 a shekarar 1982, bukatar ta ƙaru, domin a ƙarshen ƙaramar sakandare dole a raba hanya: wannan ya tafi babbar sakandare, wancan kwalejin fasaha, wani kuma koyon sana'a. A 2018 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da Manufar Ba da Shawara ta Ƙasa. A 2022 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa Majalisar Masu Aikin Ba da Shawara ta Nijeriya, wadda aka ɗora wa nauyin ƙayyade irin ilmi da ƙwarewar da mutum zai samu kafin ya shiga aikin, da kuma ajiye rajistar waɗanda suka cancanta.

Matakan Karatu

A ɗauki misalin malama mai koyarwa a wata makarantar sakandare a Orozo. Ta yi shekaru tana aiki, yara suna sonta, suna kawo mata kukansu. Shugaban makaranta ya ga haka, ya ce ta riƙe ofishin shawara. Halinta na kirki jari ne babba, amma bai mayar da ita ƙwararriya ba tukuna. Hanyar da za ta bi ta danganta da takardun da ke hannunta.

Mataki na farko shi ne digiri na farko a fannin jagoranci da ba da shawara, wanda ake yi a Tsangayar Ilmi. Shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, galibi shekara uku ga mai takardar malanta ta NCE da ya shiga kai tsaye. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, har da Ingilishi da lissafi.

Mataki na biyu shi ne babbar difloma ta ilmi, watau PGDE. An tanade ta domin wanda digirinsa ba na malanta ba ne, kamar wanda ya karanta Hausa ko tarihi ko kemistiri zalla. Galibi shekara guda ce, a cikinta akwai koyarwar gwaji. Ita ce gadar da ke kai irin wannan mutum ga mataki na gaba.

Mataki na uku shi ne digiri na biyu, wanda ake kira mastas. A nan ne ake ƙwarewa sosai, shi ne kuma ainihin abin da wannan bayani ya fi mayar da hankali a kai. Yawancin jami'o'i suna neman digiri na farko a fannin ilmi da sakamakon da bai gaza daraja ta biyu ba, da takardar gama hidimar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken bayanin makin da mutum ya ci a jami'arsa ta farko. Waɗansu sukan ƙara da jarrabawar shiga ko ganawa. Mai karatu na cikakken lokaci yakan yi zango uku zuwa huɗu, watau shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai haɗawa da aiki yakan ɗauki fiye da haka. A wannan mataki galibi maki 50 cikin 100 ne mafi ƙarancin abin da ake karɓa a kowane darasi.

Mataki na huɗu shi ne digiri na uku, watau na dakta. Ba ya kasa shekara uku, yawancinsa kuma bincike ne. Masu wannan digiri su ne ke koyarwa a jami'o'i, su horar da na baya, su kuma shirya ma'aunai da littattafan da ake aiki da su.

Darussan Digiri Na Biyu

Sunayen darussa sukan bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan, amma ginshiƙansu ɗaya ne.

(a) Ra'ayoyin masana. Ɗalibi zai karanta yadda manyan masana suka fahimci damuwar ɗan Adam da hanyar warware ta. Carl Rogers ya koyar da cewa mai shawara ya saurari mutum da zuciya ɗaya, ya karɓe shi ba tare da zargi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Albert Ellis da Aaron Beck sun nuna cewa sau da yawa fassarar da mutum ya yi wa abin da ya same shi ita ke ƙara masa ciwo. Yaron da ya faɗi lissafi sau ɗaya ya ce a ransa shi daƙiƙi ne har abada, sai a taimake shi ya auna wannan magana da hujja, ya ga ko gaskiya ce. Ana koya wa ɗalibi ra'ayoyi da yawa domin ya san wanda ya dace da kowane mutum.

(b) Dabarun ganawa. Wannan darasi na aiki ne. Ana koyon yadda ake buɗe zance, da yadda ake tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a, da yadda ake maimaita wa mutum maganarsa a taƙaice don ya tabbata an fahimce shi, da yadda ake jure shiru ba tare da gaggawar cike shi ba. Abin da ya fi wuya ga tsohon malamin aji shi ne ya daina yanke wa yaro hukunci. Mai ba da shawara yana shimfiɗa hanyoyi ne da abin da kowace za ta haifar, zaɓi kuwa na mai matsala ne da iyayensa.

(c) Girman ɗan Adam. Ana nazarin yadda jiki da hankali da ɗabi'a ke sauyawa daga ƙuruciya zuwa tsufa, musamman lokacin balaga. Da wannan ne ma'aikaci zai rarrabe tsakanin ƙiriniyar da shekaru ke kawowa da alamar matsala ta gaske.

(d) Shawarar sana'a. Ana karanta ra'ayin John Holland, wanda ya kasa mutane da ayyuka gida shida, kamar masu son aikin hannu, da masu son bincike, da masu son hulɗa da jama'a. Bayan haka dole ɗalibi ya san tsarin ƙasar nan ciki da bai: jarrabawar WAEC da NECO, da ta NABTEB wadda aka kafa hukumarta a 1992 domin kwalejojin fasaha da kasuwanci, da sharuɗɗan shiga jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilmi. Mai aiki a wuri irin Orozo lalle ne ya iya bayyana wa uba cewa yaron da ya koyi aikin lantarki ko gini ko gyaran mota a kwalejin fasaha yana da hanyar ci gaba da karatu, yana kuma da sana'a a hannu.

(e) Ma'aunai da gwaje-gwaje. Akwai takardun tambayoyi da ake auna sha'awa da basira da halin karatu da su. Ana koya wa ɗalibi ya tambayi abu biyu game da kowane ma'auni: shin yana auna abin da aka ce yana aunawa, kuma in aka maimaita shi zai ba da sakamako iri ɗaya? Ma'aunin da aka shirya domin yaran Amurka ba a ɗauko shi a ɗora wa yaron Karshi sai an daidaita shi. Saboda haka ne Farfesa C. G. M. Bakare na Jami'ar Ibadan ya shirya ma'aunan sha'awar sana'a da na halin karatu da na matsalolin ɗalibai domin yaran ƙasar nan tun shekarun 1970. Ana kuma gargaɗin ɗalibi kada ya yanke wa yaro makoma da sakamakon gwaji guda.

(f) Shawara cikin rukuni. Jami'i guda ba zai iya ganin ɗaruruwan yara ɗaya bayan ɗaya ba. Ana koya masa yadda zai tara yara kaɗan masu matsala iri ɗaya, kamar tsoron jarrabawa, ya jagoranci tattaunawarsu ba tare da wani ya danne wani ba.

(g) Matsalolin hali da shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Ana koya wa ɗalibi alamomin farko, da yadda zai yi magana da yaro da iyayensa, da lokacin da abin ya wuce ƙarfinsa.

(h) Aure da iyali. Da yawa daga cikin matsalolin da ke bayyana a aji daga gida suka taso: rabuwar iyaye, da rikicin kishiyoyi, da riƙo a hannun dangi, da talauci.

(i) Tafiyar da ofishin shawara. Wannan ya ƙunshi ajiye fayil ɗin kowane ɗalibi tun shigarsa har fitarsa, da shirya makon maraba ga sababbin ɗalibai, da ranar sana'o'i, da hulɗa da ƙungiyar iyaye da malamai.

(j) Hanyoyin bincike da ƙididdiga. Da su ne ɗalibi zai rubuta kundinsa na ƙarshe a ƙarƙashin malami mai dubawa, ya kuma kare shi a gaban masana, har da mai jarrabawa daga wata jami'a.

Aikin Gwaji

Karatun littafi kaɗai ba ya fitar da mai ba da shawara, kamar yadda ba ya fitar da direba. Saboda haka kowace jami'a tana tura ɗalibanta aikin gwaji a makaranta ko asibiti ko gidan gyaran hali ko cibiyar matasa. Kafin a tura su, sukan gwada a tsakaninsu cikin aji, wannan ya zama mai matsala, wancan mai shawara, malami yana gyara. A wurin aiki kuwa ɗalibi yana da littafin da yake rubuta duk abin da ya yi, yana kuma rubuta rahoto a kan kowane mutum da ya gani ba tare da bayyana sunansa ba. Wani lokaci akan ɗauki muryar ganawa, bayan an nemi izini, domin malami ya saurara ya nuna inda aka katse mai magana, ko inda aka yi wa'azi a wurin da ya kamata a yi tambaya.

Sauran ƙasashe ma sun ba wannan sashe nauyi. A Amurka, hukumar CACREP da aka kafa a 1981 domin tantance irin wannan karatu tana bukatar sa'a 100 ta gwajin farko da sa'a 600 ta aiki a ƙarƙashin kulawa kafin a ba mutum digiri na biyu. Mai neman shiga kowace jami'a a ƙasar nan yana da haƙƙin ya tambayi tsawon aikin gwajinta da kuma wanda zai duba shi.

A wurin gwaji ne kuma ɗalibi yake gane inda littattafan waje suka saɓa da al'adar gida. Littafi zai ce mai gaskiya yakan dubi idon mai yi masa magana, alhali yaron Bahaushe sunkuyar da kai ne ladabinsa a gaban babba. Budurwa ba za ta faɗa wa namiji abin da za ta faɗa wa mace ba. Mutum kan ce kansa ke ciwo ko ƙirjinsa ya yi nauyi, nufinsa kuwa baƙin ciki ne. Wannan shi ya sa ake matuƙar bukatar masu jin harsunan ƙasa, da mata musamman, su shiga wannan karatu.

Amana Da Iyakar Aiki

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Riƙe sirri shi ne tushen wannan sana'a, akwai kuma darasi na musamman a kan ladubbanta. Abin da yaro ya faɗa a ofishin shawara ba ya zama hirar ɗakin malamai. Amma ana koya wa ɗalibi cewa sirri yana da iyaka, kuma wajibi ne ya sanar da yaro wannan iyaka tun a zama na farko. In rai yana cikin haɗari, ko yaro ya nuna niyyar cutar da kansa ko wani, ko ana lalata da shi, to dole a sanar da waɗanda za su iya kare shi. Ma'aikaci a Yankin Babban Birnin Tarayya ya kamata ya san Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015, domin duka biyu suna aiki a yankin.

Haka nan ana koya masa ya san inda iliminsa ya tsaya. Yaron da ke jin muryoyin da babu su, ko ya daina barci da cin abinci kwana da kwanaki, ko ƙwaya ta riga ta kama jikinsa, na likita ne. Daga Orozo, Babban Asibitin Karu yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma Asibitin Ƙasa a cikin birni. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan majinyata haƙƙinsu da mutuncinsu. Tura mutum gaba a kan kari alama ce ta horo mai kyau.

Inda Ake Karatun

Mazaunin Orozo ba sai ya yi nisa ba. Akwai Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, Majalisar Zartarwa ta Tarayya kuma ta amince a sa mata sunan Janar Yakubu Gowon a watan Disamba na 2024. Akwai Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi. Akwai kuma Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, watau NOUN, mai hedkwata a Jabi, wadda tsarinta ya dace da ma'aikacin da ba zai iya barin aikinsa ba. A sauran sassan Arewa ana wannan karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Ilorin. Ma'aikacin gwamnati yana iya neman hutun ƙaro ilmi ta hannun shugabansa bisa ga ƙa'idojin aiki.

A nan akwai gargaɗi. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ita ke amincewa da jami'o'i da darussansu, takan kuma fitar da sunayen haramtattun jami'o'i lokaci lokaci. Kafin mutum ya biya ko kwabo, ya tabbatar cewa an amince da jami'ar, an kuma amince da wannan fanni a cikinta. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo bayan da aka bankaɗo cinikin takardun bogi. Haka kuma taron bita na kwana uku ko na mako biyu, ko da an ba da takarda mai ado a ƙarshensa, yana iya ƙara wa mutum sani, amma ba ya zama madadin digiri da aikin gwaji.

Abin Da Ake Bukata Daga Jama'a

Iyaye suna da haƙƙin su tambayi shugaban makaranta ko akwai mai ba da shawara, da irin karatun da ya yi. Ya kamata su je su gan shi tun kafin matsala ta taso, musamman sa'ad da yaro ya shiga aji uku na ƙaramar sakandare. In ya kira su, su amsa kira. Zuwa ofishinsa ba abin kunya ba ne, ba kuma alama ce ta taɓin hankali ba.

Shugabannin makarantu su ba shi ɗaki mai ƙofa da akwatin ajiya mai makulli, su ware masa lokaci a jadawalin mako, kada su cika shi da darussan aji har ya rasa sa'ar ganin yara. In babu ƙwararre a makaranta, a zaɓi malami mai haƙuri da riƙon amana a taimake shi ya tafi karatu.

Malamai da matasa masu digiri waɗanda ke jin suna da zuciyar wannan aiki, su tattara takardunsu, su nemi bayani a ofishin karatun gaba da digiri na jami'ar da ta fi kusa da su, ko a sashen jagoranci da ba da shawara na ma'aikatar ilmi ta jiharsu. Mazauna Yankin Babban Birnin Tarayya kuwa su tuntuɓi Sakatariyar Ilmi ta yankin.